VeraCrypt: kwaɗon da na sa wa filashina

Tun ranar da na manta filashina a cikin adaidaita sahu, ɗauke da takardun filayen gadonmu da hotunan iyali, na koma VeraCrypt, manhajar da ke kulle fayiloli da kalmar sirri. Kyauta ce, kuma magajiyar wata manhaja irinta mai suna TrueCrypt ce, wadda aka daina kula da ita a 2014.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɓoyayyen ɗaki. Kalmar sirri biyu kake sakawa: ɗaya ta buɗe falo, inda na zuba rasitai da tarkace, ɗayar ta buɗe uwar ɗaka. Ko an tsare ka an ce sai ka buɗe, falon kawai za a gani.

Fitowar 1.26 ta 2023 ta zo da sabon abu: katin banki mai cif zai iya zama makulli. Ban gwada ba, ni da nake yar da kati duk shekara. Ta kuma daina buɗe tsofaffin ma'ajiyoyin TrueCrypt, don haka mai irinsu ya fara mayar da su na VeraCrypt ta amfani da tsohuwar fitowar 1.25.9.

Buɗewa kan ɗan ja lokaci a tsohuwar kwamfutata. In ka manta kalmar sirri kuwa, sai dai haƙuri, babu wanda zai dawo maka da ita.