Motar E85 da za ta yi wata biyar a kulle: a bar mata E85 ɗinta ko a sauya mata fetur?

Alhaji, tambayar da ka kawo zaure ita ce: ƙaninka da ke jihar Minnesota ta Amurka zai taho Legas a Nuwamba, ba zai koma ba sai Maris, kuma yana da Mustang da aka yi wa aiki a inji tana shan E85. Ya cika mata tanki da E85 ya kulle gareji, ko ya ƙarar da shi ya zuba fetur? Amsoshin 'yan'uwa sun rabu biyu, har akwai wanda ya ce a zuƙe tankin tas a bar shi wayam.

Ga waɗanda ba su san man ba, E85 haɗin fetur ne da itanol, wanda a Amurka yawanci daga masara ake yin sa. Kada 85 ɗin ta ruɗe ku, ka'idarsu ta yarda itanol ɗin ya kama daga kashi 51 zuwa 83 cikin ɗari, kuma in sanyi ya shigo ana rage shi don mota ta iya tashi da asuba. Masu son gudu suna ƙaunarsa ne saboda oktan ɗinsa, wato ma'aunin juriyar mai ga matsi ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba, ya kai 100 ko fiye, yana kuma sanyaya cikin inji, sai a samu damar ƙara wa tobo, na'urar da ke cusa wa inji iska, ƙarfi ba tare da fistin ya ji jiki ba. Aibinsa a wajen ajiya guda ne: itanol mayen ruwa ne, daga iska ma yana zuƙar sa.

Mu fara da barin E85 a ciki. Alherinsa shi ne ba a taɓa komai ba, saitin mota na nan yadda yake. Abin da mutane ke tsoro, wato mai ya rabu ruwa ya kwanta a gindin tanki, da wuya ya faru da E85, domin yana haɗiye ruwa mai yawa kafin ya kai ga haka. To amma haɗiyewar ba tsira ba ce. Jiƙaƙƙen man nan zai zauna wata biyar a cikin famfon mai da layi da nozul, yana cin ƙarfe da alminiyon da ba a yi wa rufi ba, yana kumbura filtar takarda, yana busar da tiyon roba in ba irin wanda aka yi don itanol ba ne. Masu irin waɗannan motoci sun sha cire nozul su tarar da baƙin danƙo a bakinsa, ko ya liƙe ya ƙi buɗewa. A injin da aka matse wa ƙarfi, nozul ɗaya ya rage feshi, silindar nan ta ƙoshi da iska mai ya yi mata kaɗan, to kana taka totur ka ƙona fistin.

Fetur kuma nasa ciwon daban. Ba ya jawo ruwa haka, yana da ɗan maiƙon da ke kare ƙarfe, kuma mota ta fi saurin tashi da shi a sanyin Maris, domin itanol ba ya son zama tururi in yanayi ya sauka ƙasa da digiri 13 ko kusa da haka. Shi ya sa tsofaffin motocin itanol na Brazil suke da ɗan ƙaramin tankin fetur a gaba, don tayar da inji kawai. Sai dai fetur yana tsufa ya yi danƙo, don haka sai an haɗa masa da maganin ajiya irin su Sta-Bil. Sannan fetur ɗin da aka fi sayarwa a gidajen man Amurka E10 ne, akwai itanol kashi 10 a cikinsa, kuma abin mamaki shi ne ya fi E85 saurin rabuwa. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ruwa ya ishe shi. A tanki mai lita 60, ruwan da bai cika ledar fiya-wata ɗaya ba ke nan, kuma in sanyi ya tsananta abin da zai iya riƙewa ya ƙara raguwa. Saboda haka in fetur za a zuba, a nemi wanda babu itanol a ciki sam. Ana samun sa a wasu gidajen mai a Minnesota, masu jiragen ruwa da tsofaffin motoci ke saye.

Abu biyu ne za su raba gardamar, kuma ƙaninka ne kaɗai zai faɗa mana su. Na farko, wane irin saiti ke cikin birenbos ɗin motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injinta? In tana da na'urar da ke auna yawan itanol ta daidaita kanta, ya zuba fetur kansa tsaye. In kuwa an saita ta a kan E85 kaɗai, kada ya kuskura. Fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, E85 kuwa wajen 9.8 ne, wato nozul ɗin an koya masa ya riƙa zubo mai da yawa. Ka ba shi fetur a haka, fulogi ya yi baƙi, mai ya gangara cikin baƙin mai, in kuma ya taka ta da ƙarfi inji ya fara ƙwanƙwasa. Sai ya koma wa wanda ya yi saitin ya ɗora masa na fetur tukuna.

Na biyu, wane irin tanki ne? Tankin kamfani na motocin zamani yawanci roba ne kuma a rufe yake, iska ba ta shiga ta fita yadda ta ga dama. Irin wannan, in an cika shi maƙil da E85, yakan fita hunturu lafiya. Tankin tsere mai bututun numfashi a buɗe, ko inji mai kafireto, wannan babu tattaunawa, a fitar da E85.

Ni dai da motata ce, fetur marar itanol zan zuba. Ya tuƙa ta har fitilar mai ta kama, ya cika da fetur da maganin ajiya, sannan ya zaga da ita kamar rabin awa don sabon man ya kori tsohon daga layi da nozul. Wannan zagayen ne mutane ke mantawa, sai tanki ya zama fetur amma nozul na kwance cikin E85. Shawarar barin tanki wayam kuwa ban karɓe ta ba: iska ce za ta cika gurbin, raɓa ta taru, famfo da robobi su bushe. Rabin tanki ya fi kowanne muni.

Ya canja baƙin mai kafin ya kulle ta, ba bayan ya dawo ba, domin motar E85 tana tara itanol da ruwa a cikinsa. Batir a jona shi da ƙaramar cajar da ke riƙe shi a cike, taya a ƙara mata iska, a toshe bakin salansa saboda ɓeraye. Kuma don Allah kada ya bar wa maƙwabci makulli wai ya riƙa ɗumama ta minti biyar duk Asabar. Injin da bai yi zafi sosai ba ruwa kawai yake tarawa a ciki da salansa.

Mu na nan Ikko, tokumbon da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tin Can masu rawayan murfin tanki suna iya shan E85, amma tunda ba a sayar da shi a gidajen manmu, fetur suke sha, wannan rigimar ba tasu ba ce. Laima ce tamu. Iskar hunturun Minnesota busasshiya ce, tamu ta Yuni da Yuli kuwa jiƙe take sharkaf, don haka wanda zai bar mota a Agege ko Lekki ya tafi Arewa wata uku, shi ma ya cika tanki, ya kuma duba inda ambaliya ke kaiwa a layinsu.

In ya koma a Maris, ya ƙarar da fetur ɗin a hankali, ya mayar da saitin E85, kuma ya auna man da ya saya da 'yar kwalbar gwaji kafin ya taka ta. A lokacin gidajen mai da yawa haɗin hunturu suke sayarwa, kuma motar da aka saita a kan itanol kashi 80 ba za ta ji daɗin kashi 60 ba.