Mai gidan haya a Paris ba ya miƙa kamera sai ya san aikin da za a yi da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar ɗaukar bidiyo a Damagaram, na Birni da Zango da Sabon Gari, iyayen gidanmu da ƙannenmu masu tasowa.

Wani abu na gani a wani gidan hayar kayan fim a nan Paris da ya kamata ku ji. Wani mutum ya shigo da kuɗinsa, ya nuna kamerar da ta fi kowace tsada a wurin. Matar da ke kula da haya ba ta ɗauko masa ba. Takarda ta jawo ta fara tambaya: me za ka ɗauka? A ina za a kalle shi? Ku nawa ne a aikin? Da rana ne ko da dare? Minti nawa za ka yi kamera na tafiya ba ka tsayar ba? Wa zai riƙe sauti? Da wace kwamfuta za a yi montaj, wato yanka hoto da haɗa shi? Da ya gama amsawa sai ta ce wadda ya nuna wahala za ta ba shi, ta kawo masa wata mai sauƙin kuɗi. Gidan ne ya rage wa kansa ciniki, kuma haka na ga ana yi a sauran gidajen da suka san aikinsu.

Mu a gida da suna muke farawa. Saƙon da ke zuwa wa duk ɗan Damagaram da ke waje iri ɗaya ne: a sayo mana mai 4K, babba, irin ta wane. Ba a faɗin aikin, domin sau da yawa ba a ma zauna an yi tunaninsa ba. Burin shi ne mai biki ya ga ƙatuwar kamera ya yarda da farashi. Wannan ɗabi'a ta cinye jarin matasa da yawa, kuma tambayoyin matar nan su ne maganinta.

Ku ɗauki tambayar tsawon ɗauka. Kamarorin hoto da yawa da suka cika kasuwa a hannu na biyu, irin Canon 5D Mark III da 80D da Sony A7 III, suna yanke ɗauka da kansu in sun kusa minti 30. Ba lalacewa ba ce. Dokar kwastan ta Turai ce a da take ɗora ƙarin haraji a kan na'urar da ke wuce minti 30, sai kamfanoni suka sa wannan iyaka. Mai fim ɗin da ake ɗauka fitowa-fitowa, kowace minti 2 ko 3, babu ruwansa da wannan. Amma mai ɗaukar tafsirin azumi, ko taron ƙara wa juna sani, ko ɗaurin aure, zai rasa tsakiyar magana, kuma malam ba zai maimaita ba. Irin wannan aiki kamkoda yake so, wato kamerar da aka yi musamman don bidiyo: Canon XA60 mai zum ninki 20, ko Panasonic HC-X2000 mai ninki 24, ko Sony Z90 mai ninki 12 da sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kamera) mai ɗan girma. Ba sa yankewa, mutum ɗaya yana iya sarrafa su, kuma daga inda kake tsaye za ka jawo fuskar mahayi a hawan sallah ba tare da ka kutsa tsakanin dawaki ba. A nan Paris babu mai jin kunyar riƙe kamkoda. 'Yan jarida da masu ɗaukar taro da ita suke cin abinci.

Fim na labari ko bidiyon waƙa kuwa, inda ake son bayan mutum ya dushe, hoto ya yi laushi, nan ne ake maganar babbar sensa. Sony FX3 da ta fito a 2021 tana gani da dare fiye da yadda ake zato, domin tana ba da hoto mai tsabta a ISO 12800 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin ganin haske na kamera). Ƙanwarta FX30 ta 2022 sensarta ta fi ƙanƙanta, kuɗinta ya yi ƙasa sosai, kuma ga wanda yake da fitilu ko yake aiki da rana, bambancin ba zai fito a wayar mai kallo ba. Blackmagic Pocket 4K launinta yana da kyau, tana zuwa da lasisin manhajar montaj ta DaVinci Resolve, amma ba ta bin fuska da kanta in mutum yana motsi, kuma ƙaramin batirinta da wuya ya cika awa guda. In ba ka da yaron da zai riƙe maka saitin gilashin kamera da batir na waje, kada sunanta ya ruɗe ka.

Tambayar kwamfuta ita ce muka fi rainawa, ita ce kuma ta fi kayar da mu. Hoton da ake ɗauka a 100 Mbps, wato ma'aunin nauyin hoto a kowane sakan, yana cin kusan GB 45 a awa, wato memori mai GB 128 ba ya kai awa 3. A 400 Mbps awa guda GB 180 ne, kuma memori mai alamar gudu ta V30 ba zai iya ba, sai V60 ko V90. Bikin kwana 3 a haka, ina za ka zuba shi, balle ka ajiye kwafi biyu? Sannan tsohuwar kwamfuta ba ta iya juya 4K mai launi 10-bit, sai ta riƙa tsayawa, aikin mako ya koma na wata, mai biki yana ta kira. Daga ƙarshe kuma a WhatsApp da Facebook za a kalla, su matse hoton yadda suka ga dama. 1080 mai haske daidai da sauti mai kyau ya fi 4K da aka wahala a kansa. In dole sai 4K, a tabbatar kamera tana yin ƙaramin kwafi na montaj tare da babban.

Sauti kuwa, a nan Paris kasonsa ake fara warewa kafin a zaɓi kamera. A duba ko tana da ramin jona mikro na XLR mai ba da wutar 48V. A sa mikron maƙalawa a riga ga mai magana, a sa wa dogon mikro rigar gashi saboda iska, a sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe, a tsayar da ƙarar kusa da -12 a ma'aunin sauti na kamera. In za a jawo sauti daga na'urar mai kiɗa a wurin biki, a mayar da maɓallin ramin zuwa LINE. In aka bar shi a MIC, sautin zai fashe, kuma babu montaj da zai gyara shi.

Sai dai duk iya aikin matar nan, akwai tambayoyin da babu su a takardarta, domin ba ta taɓa tsayawa a ƙofar fada da azahar a watan Afrilu ba. Littafin yawancin kamarorin nan ya ce su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. Mu kuwa a bazara wuce 40 abin yau da kullum ne, a inuwa ma. Don haka a nemi mai fanka a ciki: FX3, FX30, Panasonic GH6 ko S5 II, ko Canon R5 C. Wadda ba ta da fanka, a buɗe allonta ya rabu da jikinta, a riƙe mata lema, kada a bar ta a mota.

Hasken ranarmu ma lissafi ne. In kana ɗauka a ISO 800 da saurin buɗe-rufen kamera na 1/50 da tsakar rana, gilashin rage haske na ND64 a buɗin gilashi na f/8 zai tsayar da kai. In kana son f/4 don baya ya dushe, sai ND256. FX3 da FX30 ba su da shi a ciki, saye ake daban, a daidai faɗin bakin gilashinka. Kamkodojin Sony da Panasonic da na ambata da Blackmagic 6K Pro suna da shi a jiki. Abin da na sha gani a bidiyon gida shi ne a ɗaga saurin zuwa 1/2000 don a tsere wa haske, sai tafiyar mutum ta riƙa tsinkewa, ko kuma a bar haske ya yi yawa, farar babbar riga ta ƙone babu ko alamar aiki a wuyanta.

Wutarmu 50 Hz ce. Kamerar da ta biyo ta Amurka tana zuwa a saitin NTSC, hoto 30 ko 60 a sakan, kuma a ƙarƙashin fitilun zaure za ka ga haske yana rawa, ko layuka suna bin hoto. A mayar da ita PAL, a ɗauka a 25 da saurin 1/50, a koma 50 in ana son rage gudun sukuwar doki. In gurup, wato janareta, ne ke ba da wuta, juyinsa ba ya tsayawa daidai, don haka kamera mai barin a gyara saurin kaɗan-kaɗan ta fi, kuma caja ba ta shiga gurup sai da na'urar daidaita wuta.

Ƙurar hunturu ita ce ta sa nake ba da shawarar gilashi ɗaya mai zum, irin 24-105, maimakon guda uku da za a riƙa sauyawa a fili. In sauyi ya zama dole, a shiga ɗaki, a kifa bakin kamera ƙasa, a hura da robar hura iska. Don Allah a daina goge gilashi da bakin riga. Yashi ne a jikin rigar, kuma zanen da ya yi ba ya fita.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne a nan. Kafin a ba ka haya sai katin shaida, da takardar shaidar wurin zama, da inshora, da kuɗin jingina da kan kai farashin kayan. Baƙo marar asusun banki a Faransa zai sha wuya ko da ya fi kowa iya aiki. Babu wanda ya san mahaifinka, babu wanda zai tsaya maka. A irin wannan lokaci ne mutum ke tuna gida, inda maigida zai ɗauko kamerarsa ya ba yaron unguwa saboda mutunci kawai, har ya haɗa masa da kuɗin mai. Wannan alheri ne, ba na so mu rasa shi. Abin da nake so mu ƙara masa shi ne abin da suke yi ranar jajiberin aiki: a kunna kamera a gaban mai ita da mai karɓa, a ɗauki farin bango a f/16 don ƙurar sensa ta bayyana, a gwada kowane batir da kowane memori, a rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya har murfin gilashi, kowa ya sa hannu. Zumunci nawa ya lalace a garinmu a kan caja ɗaya da ba a san hannun wa ta ɓata ba?

Ga mai niyyar saye daga nan, yuro 1 kusan sefa 656 ne, kuma farashin da ke rubuce ya haɗa da harajin kashi 20 cikin 100. Wanda ya zo ziyara, ba mazauni ba, yana iya neman takardar mayar da haraji a shago in sayayyar ta wuce yuro 100, ya tabbatar da ita a filin jirgi kafin ya tashi, a mayar masa da wani kaso. Dokar Faransa ta ba mai saye garanti na shekara 2, amma in kamera ta lalace a Damagaram sai an dawo da ita nan, don haka a riƙe rasit da lambar jikinta. Kuɗin da ke hannu kada ya ƙare a jikin kamera: gilashi, ND, mikro, ƙafar ɗora kamera mai kan da ke juyawa a hankali, batir aƙalla 3 da memori 2 duk cikin lissafi suke. Memori na jabu ya yi yawa a kasuwa, a gwada shi da manhajar H2testw kafin a ɗora masa bikin mutane. Batir kuma ba ya shiga akwatin da za a auna, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma wanda ya wuce 100 Wh sai da izinin kamfanin jirgi, shi ya sa manyan batiran kamera da yawa ake yin su a 98 ko 99.