Kafson ya yi mini rana, kwalbar ɗigon ta hana ni barci

Ni ba mai rubuta sharhi ba ce. In abu ya yi mini, shiru nake yi in ci gaba da saye, in bai yi ba in watsar. Wannan karon dai bakina ya ƙi rufuwa, don kaya biyu na kamfani ɗaya na yi amfani da su, kafson bitamin D nawa da ɗigon bitamin D na jaririyata. Na farkon ya miƙar da ni tsaye, na biyun kuwa ya sa ni kukan da ko a ɗakin haihuwa ban yi irinsa ba.

Bari in fara da nawa, kada a ce na manta alheri. Ina wata biyu da haihuwa ƙuguna da cinyoyina suka soma ciwo, irin mai nauyin nan da kike jin sa can cikin ƙashi. In na durƙusa na yi wa yarinya wanka, sai na dafa bango kafin in tashi. Matakala kuwa, ina kaiwa ta biyar zan tsaya kamar wata gyatuma. Duk wadda na faɗa wa sai ta ce gajiyar jego ce, kowa da haka ta yi. Na yarda, har ranar da na sunkuya na ɗauko yarinyar ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna daɓas da ita a ƙirji. Ranar maigida ya ce wannan ya wuce gajiya, sai asibiti.

Aka ɗebi jini. Likita ta juyo mini da takardar, ta sa biro ta zagaye lamba 11, ta ce wannan shi ne yawan bitamin D da ke jinina, duk abin da ya gaza 20 ƙaranci ne. Na ce, "Likita, ba rana ce ke ba da abin nan ba? Ni fa gadona jikin taga yake, tun safe take dukana." Ta yi dariya ta ce gilashi yana tare irin hasken da fata ke haɗa bitamin D da shi, zafin kawai nake sha. Ga shi baƙar fata ta fi fara buƙatar daɗewa a rana, ga shi tun da cikin ya tsufa ban cika fita ba, ɗan abin da jikina ya tara kuma ni da abin da ke cikina muka raba. In bitamin D ya yi ƙasa hanji ba ya tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, yadda ya kamata, sai jiki ya koma yana zarar na ƙashi. Ciwon da nake ji ke nan.

Ta rubuta mini bitamin D3 mai ƙarfin IU 50,000 (IU shi ne ma'aunin ƙarfin bitamin), ƙwaya ɗaya a mako har mako 8, daga nan in koma IU 2,000 kullum, in riƙa haɗa shi da abinci mai maiƙo don a cikin mai yake narkewa. Tambayata ta farko ita ce ko zai bi nono ya cutar da yarinya. Ta ce in kwantar da hankalina, kaɗan ne yake tsallakawa, shi ya sa ma ita sai an ba ta nata daban, IU 400 a rana. Maganar ta ɗan sosa mini rai, ni da nake taƙama nonona ya ishe ta komai. Ta ce haka nonon uwa yake, ba nawa kaɗai ba, kuma tun 2008 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta tsayar da IU 400 ga duk jaririn da ke shan nono, daga kwanakin farko na haihuwa, gudun kada ƙashi ya taso da laushi ƙafa ta lanƙwashe in ya fara tsayuwa.

Mako biyu ina sha ban ji komai ba, har na fara ƙorafin an sa mu asara. A mako na biyar na gama wankan yarinya na miƙe, sai da na kai ƙofa na tuna ban dafa bango ba. Na koma na durƙusa na sake tashi don in tabbatar, maigida yana kallona kamar na zautu. Bayan wata uku aka sake gwaji, 11 ta koma 34. Kafson ƙarami ne, ba wari, ba ya dawowa a gyatsa. In don shi ne, tauraro biyar zan ba su in ƙara da addu'a.

To sai kwalbar yarinya. Ta farkon da muka saya babba ce, da ɗan bututu mai roba a kai, an ja masa layi a mililita 1. A zuƙo zuwa layin, a matsa mata a gefen kumatu, shi ke nan IU 400 ya shiga. Kwana hamsin muna haka har hannuna ya haddace. Da ta ƙare na ɗauki hoton kwalin na tura wa maigida. Ya dawo da kwali mai suna ɗaya, launi ɗaya, jaririn nan mai murmushi shi ne dai a jiki. Kwalbar ciki ce kawai ta fi ƙanƙanta, na ce oho, su ma sun shiga layin masu ragewa. Babu bututu a ciki, sai wata 'yar farar roba da ta toshe bakin kwalbar. Na ɗauka murfin kariya ne. Na sa farce ta ƙi, na sa bakin cokali na ɓanɓare ta na jefa a shara, na ɗauko tsohon bututun na zuƙo zuwa layi. Na dai lura wannan ya fi wancan kauri, kamar mai zalla, yarinyar ma ta yamutsa fuska, amma ban kawo komai a raina ba.

Kwana uku na yi haka. A dare na uku, wajen ƙarfe ɗaya, ina shayar da ita idona ya sauka kan kwalbar, na ga har ta tafi kusan kashi ɗaya cikin uku. Raina ya ɓaci, na ce wannan ai cuta ce, abin da zai ƙare a kwana goma. Na jawo kwalin in ga nawa suka zuba, rubutun kamar ƙafar kiyashi, sai da na ɗauke shi hoto da waya na ƙara girmansa. A can gefe, a ƙasan sunan kamfani, aka rubuta ɗigo ɗaya IU 400, mililita 10, ɗigo 300.

Ban taɓa shiri da lissafi ba, amma daren nan kaina ya yi shi da kansa. Ɗigo talatin a kowane bututu, IU 12,000 a rana. Rabon wata uku na ɗura wa 'yar wata huɗu a kwana uku. Robar da na ɓanɓare, ashe ita ce ke sakin ɗigon ɗai-ɗai.

Na girgiza maigida na ce, "Abbanta, tashi, na kashe maka 'ya." Ya ce, "Ke, wace irin magana ce wannan?" Na kasa bayani, na miƙa masa wayar. Ita kuwa baiwar Allah ta saki nono tana ta barcinta, hannu a dunƙule. Sai a mota na ga takalmi wari da wari na sa. Abu ɗaya na yi daidai, na kwaso kwalaben biyu da bututun.

Likitan da ke aikin dare ya jera su kan tebur ya yi nasa lissafin, ya zo daidai da nawa. Ya ce iyakar abin da jaririn da bai kai wata shida ba zai sha a rana IU 1,000 ne, ni na ninka shi sau goma sha biyu. Bitamin D ba irin bitamin C ba ne da rararsa ke fita a fitsari, shi a kitse yake kwanciya ya daɗe, illarsa kuma ya tara kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda. Ya shiga jero tambayoyi. Tana amai? Ta ƙi nono? Fitsari ya yi yawa? Bayan gida ya yi tauri? Jikinta ya saki? Duk na ce a'a, ina faɗa ina shakkar kaina. Sannan ya ce, "Mama, share hawayenki. Yaran da abin ke kayarwa galibi makonni aka yi ana ɗura musu ba a sani ba, ke a kwana uku kika farga." Ya ce ba ni ce farau ba, tun 2010 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunnen iyaye kan bututun ɗigon bitamin D da ke ɗaukar fiye da abin da jariri ke buƙata.

Duk da haka sai an ɗebi jininta, kuma wannan ne ban yafe ba. Sau biyu ma'aikaciyar ta soka allura a bayan hannunta ba ta samu jijiya ba, sai a na uku. Ni aka ba riƙon ƙafafun, tana tsala ihu idonta a kaina, har muryar ta dusashe. Kalsiyam ya fito daidai. Aka ce a dakatar da ɗigon, a dawo bayan mako guda a sake dubawa, don ba nan take yake hawa ba.

Makon nan ban yi barcin kirki ba. Kowane tumbuɗi sai in ce ga aman nan ya zo. In na cire mata famfas sai na auna nauyinsa a tafin hannu. Ni da maigida har muka yi sa-in-sa, shi yana cewa me ya kai ni cire robar, ni ina cewa me ya hana shi karanta kwali. Gwaji na biyu ma ya fito lafiya, alhamdulillahi.

Na ce wa likitata ni na haƙura da ɗigo, ba yadda za a yi in sha ya ishe mu mu biyu? Ta ce akwai binciken da aka wallafa a Amurka a 2015 da ya nuna uwa in tana shan IU 6,400 kullum nononta na wadatar da jariri, sai dai hakan ya haura IU 4,000 da aka sa wa babba iyaka a rana, don haka ba abin da mace za ta yanke wa kanta ba ne. Ita ta fi son in koma ɗigon.

Na rubuta wa kamfanin, na haɗa da hoton kwalayen biyu a jere. Bayan kwana tara suka amsa da layi uku, wai sun gode, a riƙa karanta umarni. Na sani da laifina a ciki, ni na ɓanɓare robar, ba wanda ya aike ni. Amma ku da kuka san ɗaya ya ninka ɗaya ƙarfi sau talatin, me zai hana ku canza ko launin kwali ne? Wa ke sayen kayanku in ba matar da rabonta da barcin awa huɗu a jere tun kafin ta haihu ba? Sunanku kun rubuta shi ɓaro-ɓaro ana hango shi daga ƙofa, abin da zai kai yaro asibiti kun cusa shi a lungu.

Abin haushin, kwalbar da muka sake saya, wadda ban taɓa robarta ba, ta fi mai bututun sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗigo ɗaya a kan nono kafin ta kama, ta tsotse ba ta ma sani ba, ba yamutsa fuska ba furzarwa. Har na sauko na ce to, tauraro huɗu. Sai shekaranjiya na kifa kwalbar ina jira, ɗigon ya ƙi saukowa, na ɗan girgiza, biyu suka zubo a tare. Na san IU 800 na rana ɗaya ba komai ba ne, na ma goge kafin ta kama, amma gabana ya yanke ya faɗi, ihun daren nan ya dawo mini a kunne. Tauraro uku zan ba su, kuma duk ukun na kafson ne.

Kwalayen nan biyu har yanzu suna jakata. Duk mai jegon da muka haɗu da ita a layin rigakafi sai na fito da su na ce ta nuna mini bambancin. Zuwa yau mutum ɗaya ce ta gano, ita ma sai da ta lalubo tabarau.