Yaya, Ki Ajiye Mini Kofin Baba

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata kullum tana raina. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Tun Nuwamba ya kama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufe gari.

Kin tambaye ni ko kayan tangaran na nan sun fi na Sabon Gari, ko in sayo wa ɗiyarmu na kayan ɗaki kafin biki. To, kin tambayi wadda ta dace, don Allah ya jefo ni garin da tangaran ne gadonsu. Sunansa Stoke-on-Trent, yana tsakanin Manchester da Birmingham. Garuruwa shida ne aka haɗe su wuri guda a 1910, kuma ko ƙungiyar ƙwallonsu laƙabinta maginan tukwane. Yumɓu da gawayin kwal duk a ƙarƙashin ƙasarsu suke, shi ya sa sana'ar ta zauna musu. A nan Josiah Wedgwood ya kafa kamfaninsa a 1759, har yau sunan bai mutu ba. In kina tafiya a unguwar Longton za ki riƙa ganin wasu gine-ginen jan bulo masu faɗin gindi da tsukakken wuya, kamar an kafa ƙaton tulu a ƙasa. Matoyarsu ce ta da. Tsofaffi sun ce a zamaninsu hayaƙi har rana yake rufewa, sai bayan an yi dokar tsabtace iska a 1956 aka daina gasawa da kwal. Yanzu waɗanda suka rage ba su kai 50 ba, ana adana su don tarihi.

Akwai wata ɗabi'a tasu da ta ba ni mamaki da farko. Ɗan garin nan in an ba shi shayi, a gidan biki ne ko a gidan cin abinci, sai ya ɗaga kofin ko faranti ya leƙa gindinsa, ya ga tambarin inda aka yi shi. Kamar dai yadda Inna take juya bakin atamfa ta duba rubutu kafin ta yi tayi. Yanzu ni ma hannuna ya saba.

Ga farashi, tunda shi ne abin da kike son ji. A manyan kantuna kofin shayi mai mariƙi fam ɗaya ne zuwa biyu, kuma a canjin da na yi na ƙarshe fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000. Amma in kika juya gindinsa, galibi Chaina za ki gani, irin wanda ke jibge a Sabon Gari. Don haka ba na ba ki shawarar mu ɗauko wannan daga nan, kuɗin awo a jirgi ya ninka kuɗin kayan, ga fargabar fashewa a hanya. Na ainihi, wanda aka yi a garin nan, shi ne mai tsada. Akwai masana'antar Emma Bridgewater a Hanley, har yanzu mata ne ke zaune suna ɗiga ado da soso ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kofi guda ya haura fam 20. Sai dai suna da shago a jikin masana'antar inda ake karyar da waɗanda suka samu ɗan aibi, ɗigon fenti da ya kauce ko wani ɗan ƙurji da sai an nuna miki za ki gani. Nan nake zuwa. Abin da ya burge ni shi ne ba a ɓoye aibin. An ware shi, an rubuta, an rage kuɗi. Da a ce 'yan kasuwarmu za su ɗauki wannan ɗaya kawai, da an huta da rantse-rantse.

Akwai kuma wani mai laushin gani, siriri, in kika ɗaga shi a haske sai ki hango inuwar yatsunki ta ciki. Kusan rabin haɗinsa tokar ƙashin shanu ne, ake gauraya ta da farin yumɓun da ake haƙowa a Cornwall. Kamfanin Spode na garin nan ne ya daidaita haɗin tun wajejen 1790 da 'yan kai. Yana da kyau ƙwarai, amma ni tun da na ji zancen ƙashin zuciyata ta fi kwanciya da na yumɓu zalla.

Wajen mayar da kaya kuwa sun yi mana nisa. Akwai doka tun 2015, in kika sayi abu kika tarar da lahani, cikin kwana 30 kina da haƙƙin mayarwa a ba ki kuɗinki. Na gwada da wata butar lantarki da ta ƙi kamawa, yarinyar da ke kan kanta ba ta ko ɗaure fuska ba. Mu kuwa kin san abin da ake rubutawa a ƙasan rasit, kaya in ya fita ba ya dawowa. Amma fa babu ciniki a nan. Babu "albarka", babu "ƙara dai Hajiya", babu gyara. Abin da aka liƙa shi ne, ki biya ki wuce, wani lokacin ma na'ura ce za ta karɓi kuɗin. Ina kewar cinikinmu fiye da yadda na zata.

Kada kuma ki ɗauka sana'ar tana nan yadda take a da. Kayan waje masu araha da tsadar gas sun karya ta. Royal Doulton sun rufe masana'antarsu ta Burslem a 2005, Spode ta durƙushe a 2008 kafin wani kamfani ya saye sunan, Royal Stafford ma ta bi sahu a farkon 2025. Duk sanda na wuce waɗannan kangayen sai in tuna masaƙun Kakuri a Kaduna, da yadda Kawu ya dawo gida da kwalin kayansa. Ciwon iri ɗaya ne.

Shagunan gahawa kuma, kofi guda fam uku zuwa huɗu, a zuba miki a kofin takarda ki sha ki jefar. Wasu sukan rage miki ɗan wani abu in kin zo da naki. Wuri tsaf-tsaf, ruwa mai kyau, ba ƙuda ko ɗaya. Amma wallahi Yaya ban ga wanda ya kai mai shayin bakin layinmu iya hidima ba. Shi ya san wane ne mai haɗin kauri, wane ne mai ruwan bunu, ya ɗaga hannu sama ya fifita maka shi tsakanin kofi biyu, in babu kuɗi ya rubuta a bango. Kofunansa na roba guda goma sun zagaye bakin unguwa kaf, a ɗauraye a bokiti a miƙa wa na gaba. Tsabtarsu ta fi tamu, wannan ba gardama. Sanin mutum ne ba su kai mu ba.

To amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu da tsakar dare ba.

Kin san aikina, kula da tsofaffi a gidan da ake ajiye su. A ɗakin hutun ma'aikata akwai kabad cike da kofuna, babu biyu masu kama ɗaya. Satina na farko na ɗauki wani mai zanen kare na haɗa shayi, sai na ga ɗakin ya yi tsit. Wata abokiyar aiki ta jawo ni gefe, cikin ladabi, ta ce: "Wannan na wance ne, agwagwa." Haka suke kiran mutum a garin nan in suna son nuna ƙauna, agwagwa, mace ko namiji. Ashe ɗanta ne ya ba ta shi kafin ya tafi soja. Na ba da haƙuri, na wanke, na mayar. A raina a lokacin na ce wannan wace irin rowa ce, a kan kofi? Mu da muke sa hannu a kwano ɗaya?

Wata tsohuwa ce ta warware mini. Ta haura 90, rikicin tsufa ya kama ta sosai, 'yarta ma in ta zo sai ta tambaye ta ko ita ce sabuwar ma'aikaciya. A aikinmu duk abin da tsoho ya sha sai an rubuta adadinsa, domin tsufa yana kashe jin ƙishirwa, kuma rashin ruwa a jiki yana ƙara musu ruɗewa, yana kai su asibiti. Ita kuwa ta ƙi sha. Akwai kofin roba mai mariƙi biyu da murfi da ake ba masu rawar hannu, da an kai bakinta sai ta kau da kai ta datse leɓe. Mun yi lallashi, mun ƙara sukari, mun canja mai ba ta, a banza. Rannan 'yar ta zo da wani tsohon kofi a naɗe cikin tawul, fari mai zaren ruwan zinariya a baki, zaren ma duk ya goge a gefen da leɓe ke taɓawa. Na zuba shayi rabi don kada ya yi mata nauyi, na sa mata a hannu. Yaya, kafin ta kai baki sai da ta karkata shi ta leƙa gindinsa. Sannan ta shanye tas, ta miƙo mini ta ce a ƙara.

Ashe tun tana 'yar shekara 15 take aiki a masana'antar tangaran, aikinta ja wa kofuna wannan zaren na zinariya da ɗan siririn buroshi, kofi yana juyawa a kan faifai, hannunta a tsaye cak. Wannan kofin ita ta ja masa nasa. Ta manta sunan mijinta, ta manta shekarar da muke ciki, amma yatsunta sun san inda za su zauna a jikin mariƙin nan. Wata rana da dare ta kasa barci, na ciro tsohuwar naira 20 da ke cikin jakata tun ranar da na taso, na nuna mata hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Na ce mata wannan tamu ce, Bagwariya, ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, wadda wani Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan hannun Ladi, ta ce wannan ta san aikinta.

Na koma ɗaki na yi kuka, kuma ba don tsohuwar kaɗai ba.

Domin a nan akwai shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam, inda mutane ke kai kayan da ba sa so a sayar a taimaki mabuƙata. Tsarin yana da kyau, yawancin kayan kicin ɗina daga can suke. Amma in kika je layin kofuna za ki ga masu rubutu a jiki: kakan da ya fi kowane kaka, uwa ta gari, murnar shekara 40 da aure. Rabin fam guda. Mai shi ya rasu, 'ya'ya sun zo sun kwashe gida cikin kwana biyu don a sayar, an zuba komai a kwali. Kofin da mutum ya yi shekara talatin yana hana kowa taɓawa, ga shi a tsakanin baƙi da takardar farashi a gindi. Ba na iya daɗewa a wannan layin.

Sai na tuna ashe mu ma muna da wannan abin, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Wa ya isa ya sha ruwa a kwanon shan maigida? Wa ya taɓa ɗaukar kofin Baba? Kin tuna shi, na ƙarfe mai farin fenti da shuɗin baki, wanda ya girme mu duka. Akwai baƙin tabo kusa da mariƙi inda fentin ya ɓantare ranar da ya suɓuce miki a kan dakali, kika ɓuya a bayan randa, shi kuwa ya ɗauka ya duba ya ce ai yanzu ne ya zama nasa, ba mai musanya masa. Inna ba ta yarda a haɗa shi da sauran wanke-wanke, ita take dirje shi da toka da hannunta ta kife a kan taga. In ya dawo daga sallar asuba ya zauna a kan buzu, ƙamshin citta da kanumfari ya cika zaure, ba ya taɓa shanyewa. Sai ya rage na ƙasa, inda sukari ya kwanta, ya tsoma ɓallin burodi ya kira ƙaramin cikinmu. Na fi kowa daɗewa ina cin wannan ragowar, don shekara shida na yi kafin a haifi Auta. Har yau in na sha shayi na kai ƙasan kofi sai hannuna ya tsaya.

Auta ya gaya mini za a gyara ɗakin Baba kafin bikinsa, an ce za a fitar da tarkace, na sadaka a bayar, na gwangwan a ba 'yan gwangwan. Na san a idon mai awo wannan kofin bai kai naira ɗari ba. Don Allah Yaya ki je da kanki kafin a fara, ki duba saman taga ko cikin tsohuwar adakar nan. Ki fara tambayar Inna. In tana son ya zauna a wurinta, ya zauna, ita ta fi kowa haƙƙi, ki dai ɗauko mini hotonsa ta gefen tabon. In ta yarda, ki sanar da sauran 'yan'uwa don kada ya zama na ɗauki abin gado a ɓoye, in akwai mai so a yi masa kuɗi in biya. Kada a sake masa fenti, kada a kankare tabon. Ki naɗe shi a tsohon ɗankwalin Inna ki ajiye, akwai wata 'yar Zariya da muke aiki tare za ta zo gida bayan sallah, zan haɗa ku a waya.

Na ɗiyarmu kuwa, ki saya mata faranti da kwanuka a Kano, ki duba da kyau ki ƙwanƙwasa kowanne, mai tsaga ba ya ƙara. Ni zan aiko mata da kofuna shida na garin nan ta hannun matar, biyar masu ɗigo-ɗigo iri ɗaya na baƙi, ɗaya kuma daban, shuɗi. Ki ce mata shuɗin kada ta jera shi a kabad, ta riƙa sha da shi.

Ki gaida kowa da kowa. Sai na ji daga gare ki.

Ƙanwarki.