Kano zuwa Abuja: jirgin sama ko Sharon ɗin Naibawa?

A sama, tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe kilomita 360 ne da 'yan kai, jirgi kan cinye su cikin minti 50 zuwa awa ɗaya. A ƙasa kuwa hanya ta lanƙwasa ta Zariya da Kaduna: Kano zuwa Zariya kilomita 137, Zariya zuwa Kaduna 73, Kaduna zuwa Zuba 165. Ka ƙara abin da ya rage daga Zuba zuwa tsakiyar birni, ka haura 400.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne ɗaukar minti 50 ɗin nan a matsayin tsawon tafiya. Dole ka isa fili da awa ɗaya da rabi kafin tashi, da katin shaida a hannu, a auna kaya, a tantance ka. Ka sauka, ka jira jakarka, sannan ga kusan kilomita 40 ta hanyar Lugbe kafin ka shiga gari, kuɗin tasi kuma ba kaɗan ba. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, awa huɗu ce idan komai ya tafi daidai. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe Kano, matuƙi ba ya ganin titin sauka, sai a ɗage tashi ko a soke. Jirgin safe ya fi aminci, domin jirgi ɗaya ne ke zagaya garuruwa, jinkirin safe kuma yana taruwa ne a kan fasinjan yamma.

Sharon, wato motar haya ta tashar Naibawa da ke Kano, ba ta da agogo, sai ta cika take tashi. Wanda ya zo bayan asuba ba ya daɗewa, wanda ya zo da hantsi zai iya shafe awa guda yana jiran mutum biyu. Kano zuwa Kaduna hanya ta yi kyau tun da aka sabunta ta, awa uku ta isa. Wahalar tana gaba. A Tafa tireloli da tankoki kan yi fakin a bakin titi su matse hanya, inda ake aiki kuma a mayar da motoci hannu ɗaya, nan ne haɗari ya fi yawa saboda masu gaggawar wuce na gaba. Tafiyar gaba ɗaya, lissafa awa shida zuwa bakwai. Yankin Rijana da Katari ya yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane, don haka kada magariba ta same ka a can. Kafin ka biya, duba tayoyi, ka kuma ƙi motar da aka danne bayanta da buhuna, zafin kwalta da nauyi su ke fasa taya.

A ganina abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne unguwar da za ka. Mai zuwa Suleja, Madalla, Zuba ko Kubwa, mota ce ke ajiye shi kusa da gida, jirgi kuwa ya kai shi can wani gefen gari, ribar da zai ci ba ta wuce awa biyu ba. Mai taron ƙarfe goma a Garki ko Maitama, da tsoho, da mara lafiya, su nemi jirgin farko na safe, a lokacin hazo kuma su tafi tun ana gobe.