Forza Horizon 5 a kan PS5: ya ci kuɗinsa

Shekara uku da wani abu ƙanina yana yi mini ba'a da wannan wasa. Shi Xbox ke gare shi, ni PS5, kuma tun fitowar Forza Horizon 5 a Nuwamban 2021 sai na je ɗakinsa nake taɓa shi. A watan Afrilun 2025 Microsoft, kamfanin da ke yin Xbox, ya sake shi ga masu PlayStation, na saya ban yi wata-wata ba.

Wasan tseren motoci ne a ƙasar Meziko. Akwai hamada, kurmi, bakin teku, har da dutse mai aman wuta da ake hawa da mota. Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin totur na DualSense, wato abin riƙewa na PS5, yana yin tauri a ɗan yatsa idan taya ta fara zamewa a yashi. Sai dai girmansa ya haura gigabait 100, don haka a tanadi data.

Dalilin kamfanin a fili yake. Bayan ya zuba kusan dala biliyan 69 wajen sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard a 2023, killace wasa a na'ura ɗaya bai isa ya mayar da kuɗi ba, ga shi PS5 ta fi yawa a hannun mutane. Nintendo ne dai har yau ya riƙe Mario da Zelda gam.

Ƙanin nawa yanzu, yana kwaɗayin wani wasan PlayStation da babu shi a Xbox, cewa yake: "Yaya, to yaushe za a ba mu God of War?"