Majigi ko farin allo? Ka sayi allon, Malam

Wa alaikumus salam Malam. Kan maganar majigi da farin allo, wanne ya fi dacewa da bitar ma'aikatan kantinka, in dai za ka ji tawa, allo za ka saya. Duka biyun na mallaka. Allon yana jikin bango kusa da ƙofar sito, kullum da rubutu a kansa. Majigin kuwa ya fi shekara biyu a cikin kwalinsa, kuma har yau kuɗin da na zuba a kansa suna yi mini ciwo.

A wata bita na gan shi a otal, ya burge ni, na dawo na saya. Abin da ban lura da shi ba shi ne ɗakin otal akwai na'urar sanyaya ɗaki da labule mai kauri. Ni kuwa sai na rufe tagogi a watan Afrilu, a zafin Kano, na tara yara goma sha biyu cikin duhu bayan sun ci abincin rana. Ba a yi minti ashirin ba rabinsu sun fara gyangyaɗi. Na tambaya, kun gane? Suka amsa baki ɗaya, mun gane Alhaji. Mako na zagayowa aka maimaita kuskuren da na tara su a kansa. Ban ce ba shi da amfani ba: in mutum hamsin za ka tara, ko za ka nuna bidiyon yadda ake sarrafa wata na'ura, ya yi. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan.

Ranar da na san darajar allo, maganar alat na bogi ce ta kawo ta. Sau biyu a wata guda aka nuna wa masu karɓar kuɗinmu saƙo a waya, aka kwashi kaya aka tafi, kuɗi ba su shigo ba. Na yi faɗa har na gaji. Wata safiyar Litinin kafin mu buɗe, na zana kantar karɓar kuɗi a jikin allo, na zana mai saye da layin mutane a bayansa, sai na miƙa alƙalamin rubutu a allo, wato maka, ga wata yarinya da ba ta fi wata uku da fara aiki ba, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba. Na ce rubuta mana abin da za ki yi daga lokacin da mutum ya ce ya tura.

Hannunta na rawa ta fara. Ta rubuta cewa ba za ta dubi wayar mai saye ba, wayar kanti za ta duba ko na'urar POS. Wani daga baya ya ce, to idan intanet ta tsaya fa, ga layi ya yi tsawo, mutumin yana ɗaga murya? Nan gardama ta kaure, kowa da abin da ya taɓa faruwa da shi. Ashe su ma abin yana damunsu, tsoron a ce sun wulaƙanta kwastoma ne yake sa su sakin kaya. Yarinyar nan ta ƙara layi ɗaya da ni kaina ban taɓa tunaninsa ba: a ajiye kayan a ƙarƙashin kanta, a ba mutum kujera cikin girmamawa, a ci gaba da sallamar na baya har kuɗin su shigo. Daga nan muka gwada, ɗaya ya zama kwastoma mai fushi, ɗaya ya tsaya a kanta. Aka yi ta dariya, amma kowa sai da ya yi. Rubutun nan ya kwana bakwai a bango da hannunta, duk mai shiga sito sai ya gan shi. Yanzu ita ce ke koyar da duk sabon da muka ɗauka, kuma wallahi in na ga ta riƙe makar nan raina yana yin fari.

Da majigi ne, ni kaɗai zan yi magana, domin abin da na shirya tun daren jiya shi zai fito, babu inda yarinyar za ta sa nata. A allo kuwa ana gogewa a gyara nan take, kuma wanda ya rubuta abu da hannunsa a gaban abokan aikinsa kunya ma ba za ta bar shi ya karya shi ba. Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan: kai za ka rubuta, kai za ka biya wa malam, ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Turawa ma da suka matsu a nan suka tsaya. A Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1940, masana'antu sun cika da sababbin ma'aikata da ba su san aiki ba, sai aka fito da tsari mai mataki huɗu da shugaban aiki ke riƙewa a ɗan kati cikin aljihu: ka shirya mai koyo, ka nuna masa, ka sa shi ya yi da kansa yana faɗin abin da yake yi, sannan ka riƙa leƙa shi. Bayan yaƙin tsarin ya shiga Japan, kamfanin Toyota ya rungume shi. Mataki na ukun nan shi ne majigi ke cinyewa.

Kada kuma ka tara su awa uku a rana ɗaya. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, maimaitawa ce ke riƙe abu. Mu minti ashirin muke yi kowace Litinin, matsala ɗaya tak, kuma wadda ta faru a kantin cikin makon.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, domin an cuce ni. In ka dage sai majigi, ka yi hattara da ƙananan nan masu araha da aka rubuta lumen, wato ƙarfin haske, dubu takwas ko dubu goma a jikin kwali. Ma'aunin haske na gaskiya shi ne wanda aka rubuta ANSI a gefensa, kuma ɗakin da rana ke shiga yana son wajen 3000. Yawancin ƙananan nan ba sa wuce ɗaruruwa. Haka in an ce maka yana ɗaukar 1080, wato ma'aunin tsabtar hoto, ɗauka daban, fitarwa daban, ka tambayi ainihin abin da yake fitarwa, in ba haka ba ƙananan rubutu da lambobi za su dagule. Na hannu kuma, akwai wurin da yake nuna awannin da ƙwan fitilarsa ya yi yana aiki, wasu masu sayarwa suna mayar da shi sifili. Wanda ya sayar mini a lungun shagonsa mai duhu ya gwada mini, na ga hoto tar. Kai ka ce a fito da shi inda haske yake. Ka tuna kuma mai ƙwai yana son fanka ta huce shi bayan an kashe, ɗauke wuta bagatatan yana rage masa kwana, ga ƙurar hunturu tana toshe matatarsa.

Allon ma ba a rasa masu ha'inci. Akwai katako da aka manna wa farar leda ake sayarwa a matsayin na ƙarfe. Wata biyu zai fara riƙe tabo ya koma toka-toka. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, in bai kama ba ba na ƙarfe ba ne. Ka yi rubutu a kusurwa, ka jira minti biyar, ka goge ka gani. Ka duba makar ɗaya bayan ɗaya, don ana cusa wadda ba ta goguwa cikin kwalin ta allo. In tsautsayi ya sa an yi rubutu da ita, sifirit na kemis yana fitar da shi.

Ka ɗauki allo mai ƙafa huɗu a tsaye da shida a kwance, ya ishi mutum goma sha biyar. Maka baƙa da shuɗiya, domin ja da kore ba sa ganuwa sosai daga baya, kuma a riƙa rufe su, iskar hunturu tana busar da su da wuri. In bidiyo ya zama dole, ka tura musu a WhatsApp tun dare, da safe wani ya tashi ya zana abin da ya gani. Ka kafa allon ƙasa-ƙasa, inda hannun mafi gajarta a cikinsu zai kai.